Gayyar da Ba Wanda Ya Zo

Ɗazu da hantsi na jiyo gangar noma daga wajen Bici, sai surukina ya faɗo mini a rai. Baba ke nan, wanda ya yi ta wa'azin Almasihu a gindin ɗorawar ƙofar gidanmu har ƙarfinsa ya ƙare.

Damunar da ya karɓi addinin Kirista ya fara wa'azi, ya kira gayya kamar yadda ya saba. Na tuƙa tuwon dawa tukunya-tukunya, miya sai ƙamshin daddawa take. Har rana ta take ba wanda ya leƙo, ko abokansa na ƙuruciya. Na zauna a bakin gona na fashe da kuka.

Ya ce, "Tashi, 'yata, ɗauki tuwon. Maƙwabcinmu ma noma yake yau."

Muka kai musu. Ba wanda ya amsa sallamarsa, amma ya duƙa cikin masu noman da fartanya yana rera waƙar yabo ƙasa-ƙasa. Haka ya riƙa yi kowace damuna, ciyawa na cin tamu gonar. Ranar da ya rasu, su suka haƙa kabarinsa.

Baba, ina kewar muryar nan. Ubangiji ya sa inda ka isa an amsa maka sallama tun daga ƙofa.