Sardaunan da Muka Kwantar a Rami

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, shi ma na huɗun ta taga na fi ganinsa. Saboda haka duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya nemi malaminmu na Kende ya tuhume shi, in ya iske shi da rai. Sana'ata ginar rijiya. Daga Bagudo zuwa Lolo, har ka ƙetara cikin ƙasar Benin, da wuya ka sha ruwan da ban riga ka ganinsa ba. Na faɗi haka ne don a san cewa wanda zai yi bayani a kan giyar manyan Turawa masani ne: ya san ƙasa, ya san sanyi, kuma bai taɓa kurɓar ko ɗigo ba.

Wanda ya jefa ni cikin wannan ilimi wani tsohon kuku ne, Kirista, mutumin kudancin Benin, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana dafa wa Turawa abinci a wani babban otal a Kwatano. Da ya ajiye aiki sai ya biyo matarsa, 'yar Dandawa, zuwa ƙauyensu da ke bayan iyaka, ba nisa da Lolo. Matar ta rasu, shi kuwa ya ƙi tashi. Mutanen can suna kiransa Mushe, wai haka ake girmama namiji da Faransanci. Na ce masa a wajenmu mushe dabbar da ta mutu ba a yanka ba ce, sai ya zaɓa. Ya zaɓi Kuku. Shi kuma yana ce mini Sarkin Rijiya, sarautar da ba wanda ya naɗa ni, don haka ba wanda ya isa ya tuɓe ni.

Na gina masa rijiya, ruwa ya fito garau, muka zauna muna cin wata miyar kifi da har yau in na tuna ta sai na haɗiyi yawu. Sai ya ce, "Sarki, ina son wata rijiya kuma. Amma wannan kada ruwa ya fito."

Na ce, "Kuku, rana ta buge ka? Rijiyar da ba ruwa ai sunanta hasara."

Ya shiga ɗaki ya fito da wani abu naɗe cikin zanen marigayiya, yana tafiya sannu kamar ya ɗauko jariri. Kwalbar giya ce koriya, mai nauyi, kafaɗunta a zube kamar na wanda ya faɗi zaɓe. Mai otal ne ya ba shi ita ranar sallama. Na tambayi sunanta.

Ya ce, "Shardone."

Na ce, "Sardauna?"

"A'a. Shar-do-ne."

"To ai abin da na ce ke nan."

Ya gyara mini har ya gaji. Daga ranar sunan ya bi ta.

Ga karatun da ya ba ni, kuma na riƙe shi fiye da na malamin Kende. Farin inabi ake matsewa, a zuba ruwan cikin gangar katako ta wani itacen ƙasarsu, wadda aka ɗan babbaka cikinta da wuta. Nan giyar za ta yi watanni tana shan ƙamshin itacen. Ko an ɗura ta a kwalba ba ta gama girma ba. Tana sabuwa tana da kaifi da rawar kai, kamar saurayin da ya sayi babur jiya. In ta samu duhu da sanyi ta yi shekaru, sai ta yi taushi, ta yi kauri, ta natsu. Dole a kwantar da ita a gefe don ruwan ya riƙa taɓa toshin bakinta kada ya bushe. Ba a girgiza ta, ba a nuna mata rana. Zafin ɗakinsa kuwa, in ji shi, dafa ta zai yi.

Na ce, "Wato dai mai jego ce."

Ya ce, "Kuma tana da lokacinta. In an buɗe da wuri an cuce ta. In an makara, ta mutu."

Kafin in kama dagi sai da na bi ta wajen limaminmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, in mutum ya gina wa maƙwabci rami, shi kuma maƙwabcin ya sa abin da ya ga dama ciki, ina hukuncin mai ginar?" Liman ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai dai wanda zai raba kayan zunubin da kai kake nema. Je ka, kada ka sha abin da ba ka faɗa mini ba." Na ɗauki wannan a matsayin fatawa, ban tsaya neman ƙari ba.

Na gina ramin a ƙarƙashin tsamiyar bayan gidansa. Na nutsa har inda ƙasa ke sanyaya tafin ƙafa amma ba ta jiƙa shi, sannan na fafe ɗan lungu a jikin bango, na shimfiɗa yashi. Muka kwantar da Sardauna, muka rufe bakin ramin da katako da zana.

Matsalar ta taso ne daga gida. Uwargidana ta ji ina ce wa wani abokin tafiya gobe zan ƙetara in duba lafiyar Sardauna. Da safe sai na tarar da babbar rigata ta Sallah a kan gado, an fesa mata turare.

"Malam, ashe manya kake gani ba ka faɗi? Da wagga ƙazamar riga za ka tai gaban Sardauna?"

Na buɗe baki in yi bayani, sai na hango tsawon bayanin, na rufe. Na sa babbar riga. Kafin in fita unguwa labari ya riga ni. Wani ya ce in isar masa da gaisuwa. Wani ya ce in yi masa maganar taki. Wata tsohuwa ta ce a gaya masa hanyarmu ta lalace. Na ce duk zan faɗa, kuma wallahi na faɗa, ina rataye da igiya cikin rami, babbar riga a naɗe a wuya, Kuku yana sama yana dariya har da riƙe ciki. Sardauna ya saurara da natsuwa irin ta manya, bai yi alkawarin komai ba.

Uwargida ta gano gaskiya daga baya. Mako guda tana miƙo mini tuwo tana cewa, "Ga shi, bafaden kwalba."

Haka muka yi shekaru. Duk bayan kaka, in na je kasuwar Lolo, sai in zarce. Masu tsaron iyaka sun san ni, har sukan ce, "Baba, Sardauna za a gani?" In sauka ramin, in haska, in kawo rahoto: toshi bai tsattsafo ba, ruwa bai ragu ba. Launi ne kawai yake sauyawa, daga fari-fari kamar ruwan da aka wanke gero zuwa wani rawaya-rawaya. In ce, "Kuku, a fito da shi?" Ya ce, "Tukuna." Baɗi ma, "Tukuna." Na ce masa, "Kai da kwalbar nan tsere kuke, kuma ita tana kwance a inuwa, kai kana rana." Sai ya yi dariya ya zuba mini miya.

Wata damina zazzaɓi mai nauyi ya kwantar da shi. Ya tashi, amma da na je na iske mutum ya zube. Ya kawo mini miya, na kai loma, sai na ji gishiri kamar na lashi kanwa. Kuku, wanda yake gane albasa ta kusa ƙonewa daga bakin rijiya! Ya ga fuskata.

Ya ce, "Hanci ya tafi, Sarki. Harshe ma ya bi shi. Zuma da toka duk ɗaya ne a bakina." Ya dubi wajen tsamiya. "Na tsaya jiran kwalbar nan, ashe ni ne zan riga ta. Ka bar ta can. Ka cike ramin."

Ban taɓa cike ramin da na gina ba, kuma ban ga dalilin farawa da tsufa ba. Na ce, "Kuku, kai kana da baki ba hanci. Ni ina da hanci, bakina kuwa Liman ya sa masa kwaɗo. In aka haɗa mu ai an sami mutum guda cikakke."

"Addininka fa?"

"Hanci ba ya haɗiya. In ma da laifi, ni da Ubangijina ne, kuma ya san halina tun ba yau ba."

Da hantsi, bayan an ɗauke ruwa, na sauka na ɗauko Sardauna. Kwalbar sanyi ƙalau kamar gindin randa. Kuku ya kawo wani ƙarfe mai murɗaɗɗen baki kamar ƙahon rago, da kofin gilashi mai ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Ya murɗa ƙarfen cikin toshin, ya ja. Toshin ya fito da 'yar ƙara, kamar an sumbaci jariri. Ya tsiyaya kaɗan. Launin ya zama na man gyaɗa sabon matsa. Na yi istigfari na ajiya, na tura hanci.

Na ɗago. Yana kallona kamar mai jiran sakamakon asibiti.

"Kuku, warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba."

Fuskarsa ta faɗi. "Kamar jiƙaƙƙiyar tabarma? In tabarma ce, toshi ya ɓata ta. Shi ke nan."

Na sake shinshinawa. Na so in yi masa ƙarya, amma ban san irin ƙaryar da ake yi wa giya ba.

"A'a, ba tabarma ba. Ashana ce. Ashanar da aka ƙyasta ta mutu."

Sai tsoho ya zabura. "Ashana? Ashana! Tana da rai! Juya kofin, Sarki, juya, ba ta iska! Barci take!"

Na riƙa juya kofi kamar mai dama fura. Ruwan yana hawa jikin gilashi yana gangarowa a hankali, ya ce wai hawayenta ke nan. Na ce ko ni aka rufe a rami tsawon wannan lokaci zan yi kuka. Muka ɗan jira. Na mayar da hanci, sai na ji abin da ya sa na kusa sakin kofin.

"Kai! Man shanu!"

"Faɗi, faɗi!"

"Man shanu a kan wuta, kafin a jefa albasa! Kuku, ashe tun daga ƙasar Turawa aka ɗauko wannan, aka sa ni ginar rami, aka sa ni babbar riga, don a ji abin da 'yar Fulani ke sayarwa a ƙwarya a kasuwar Lolo?"

Yana dariya hawaye na zuba. Ya karɓi kofin ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya rufe ido, ya yi mini alama da hannu in ci gaba. Ya zuba mini nawa na hanci a kofin shayi, na shinshina na ci gaba da kira.

"Ga gyaɗa tana soyuwa a yashi. Bayanta ga zuma, ba sabuwa ba, wadda ta kwana biyu a tulu. Tsaya, ga wani ya shigo. Mangwaro ne, wanda ya nuna a bisa ya faɗo da kansa. Ga ɓawon lemun tsami yana leƙe ta ƙofa, shi ne bai bari man shanun ya yi wa mutum nauyi ba."

"Itacen fa? Akwai itace?"

"Akwai! Sabon turmi, ran da masassaƙi ya gama shi. Da ɗan hayaƙi, kamar an gasa masara a gidan maƙwabta."

Yana kurɓa ina kira, kamar maroƙi gaban sarki. Duk wanda na ambata sai ya gyaɗa kai ya ce, "Eh, nan yake zama, a tsakiyar harshe," ko, "Wannan sai an haɗiye yake biyowa." Can na rasa abin faɗa sai na fara yi wa Sardauna kirari, na miƙe tsaye, na yi taku biyu uku na rawa. Ni da ban sha ba na fi shi tangaɗi. Akuyar gidan ta tsaya tana kallonmu, ta ga ba mafita, ta wuce.

A kofi na ƙarshe ya ɗaga hannu in yi shiru. Ya daɗe bai haɗiye ba.

"Sarki. Can baya, kusa da maƙogwaro. Kamar na ji man shanun."

Ko ya ji shi da harshe ne, ko da kunne, ban bincika ba. Ni maginin rijiya ne, in ruwa ya fito ba na tambayarsa ta ina ya biyo.

Na yi alwala sabuwa, na wanke hanci fiye da yadda aka saba. Ina shirin tafiya sai ya riƙe mini riga ya ja ni madafa, ya ɗora tukunya, ya sa kifi. Ya ɗebo gishiri a hannu ya tsaya yana dubana.

"Sarki, zo da hancin nan. Wannan karon har da bakin."

Na ja kujera kusa da murhu, na ce ya rage rabi.