Gefen Kwanon da Bai Taɓa Ba

Jiya da la'asar muna rumfar mai shayi kusa da kadarko, tele tana nuna wani fim na matafiya. Mutum ɗaya ne a ɗaki a ƙasar Turawa, yana ta cin shinkafa shiru.

Wani direba ya ce, "Kai, a canza mana! Ba faɗa, ba waƙa, me muke kallo?"

Baba Idi, tsohon direban kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya ce, "Bar shi, ɗana. Dubi hannunsa. Gabansa kawai yake ci, ya bar wa wani ɗaya gefen. Haka na yi shekara shida a Abijan."

Na juya ina kallon kogi, amma yayana nake gani a Aljeriya, da kwano a gabansa. Wata uku ban kira shi ba.

Ku da kuke nesa, da wa kuka ci abinci yau?