Atishawar Mai Aski

A layin bayan tasha akwai wani mai aski da ya tsufa a shago ɗaya. Kujerarsa ta ƙarfe ce mai juyawa, irin wadda ba a ƙerawa yanzu. Da injin aski ya shigo, shi ya ƙi. Almakashi da reza ya sani, mutane kuma sun yarda da hannunsa, har dattijo yakan yi gyangyaɗi reza na kan maƙogwaronsa. Kafin ya ɗaura wa mutum mayafi a wuya, sai ya kaɗa shi da ƙarfi, fat, har na waje ya ji. Mayafan da tawul da kansa yake wankewa, ya shanya a igiya bayan shago, ƙarƙashin itatuwa.

Kowace shekara in itatuwan sun yi fure yakan ɗan yi mura, ta wuce. Amma shekarar da wani saurayi mai turare ya kama shagon da ke jikin nasa, abin ya tsananta: ido ja, hanci na zuba, atishawa a jere. Ran nan ta kufce masa yana gyaran gemu, ya yanki wani direba a haɓa. Yankan bai taka kara ya karya ba, amma labari ya zaga layi, bencin jira ya zama wayam.

Mai aski ya zauna ya yi ta haɗa zance. Ya tuna mai turare ya taɓa leƙowa ya ce, "Baba, shagonka akwai fili." Me ya kawo maganar fili? Ya kuma lura da wani rami a bangon da ya raba su, can kusa da rufi. Shi ke nan, ya gama shari'a a ransa: yaron nan hayaƙi yake turo masa don ya kashe masa sana'a, ya haɗe shagon da nasa.

Yayarsa, wadda ta raine shi, ta zo ta tarar da shi yana share hawaye da tawul.

"Auta, ba turare ba ne, fure ne. Babanmu ma haka ya yi ta fama. Garin furen yana sauka a kan shanyarka, kai kuma ka kwaso ka kaɗa a hancinka. Ka koma shanya a ciki, ka rufe tagar baya da safe. Ka tafasa ruwa, ya huce, ka sa gishiri kaɗan ka wanke hanci. In ka koma gida ka wanke fuska, ka sake riga."

"Shi ya aiko ki, Yaya?"

"Wa?"

"Jiya na gan ki a ƙofarsa."

"Turare na saya wa jikata. Kai tun kana yaro in an ba ka ruwa sai ka leƙa gindin kofin."

"Leƙen ne ya kawo ni yau."

Bai ce ya yarda ba. Amma da ta tafi ya ɗaura igiya a cikin shago, ya rufe tagar, ya yi na gishirin a ɓoye, ya daina kaɗa mayafi, wanda shi ya fi yi masa ciwo. Ranar kuma ya hau kujera ya toshe ramin da tsumma. Atishawa ta ragu sosai, sai dai bai san wanne ya yi aiki ba. Shi dai ya fi ba tsumman gaskiya.

Sauƙi ya samu, amma masu zuwa aski ba su dawo ba. Sukan gaishe shi daga bakin titi, hannu a gemu, su wuce.

Wata safiya mai turare ya shigo ya zauna a kujera.

"Baba, an ce ni nake sa ka atishawa. Ga wuyana, a gyara mini gemu."

Mai aski ya dubi ƙofa. Mutanen layi sun fara taruwa. Zuciyarsa ta ce tarko ne, so yake a yanke shi a gaban shaidu. In kuma ya ƙi, ya tabbatar wa kowa hannunsa ya mutu.

"Me ka shafa?"

"Ko sabulu mai ƙamshi ban taɓa ba yau."

Ya sunsuni wuyan rigar saurayin, sannan ya shafa kumfa, ya wasa reza. Ya gama kunci ɗaya, ya sauko haɓa, sai ya ji ƙaiƙayin hanci ya taso. Ya ɗaga reza, ya ja da baya, ya juya ga bango. Atishawa ta zo, ɗaya tak. Ya wanke hannu, ya dawo ya ƙarasa a natse, ko ƙwarzane babu.

Mai turare ya shafa haɓarsa a madubi. Wani dattijo cikin masu kallo ya cire hula ya shigo ya zauna a benci.

"Baba, yanzu ka yarda da ni?"

"Na yarda ka iya zama shiru," in ji mai aski. "Tashi, ana jira."