Fatar Idon Sannu-Sannu

A tashar motocin kamfanin kowa Sannu-Sannu yake kiransa. Tun yana da baƙin gashi yake jan doguwar bas, kuma ko akuya bai taɓa bugewa ba. In ka ga ya wuce wata mota, to a tsaye take. Samarin direbobi suna yi masa tsiya, amma duk tsohuwar da ta ɗauko ƙwai a kwando motarsa take jira.

Da girma ya zo, bai biyo masa ta gwiwa ko ta baya ba kamar sauran mutane, ta fuska ya ɓullo. Kumatu suka zubo, goshi ya sauko, fatar saman idanunsa ta saki ta rufo kamar labulen da igiyarsa ta tsinke. Kwalta yana ganinta tas, amma abin da ke sama ya fara ɓace masa, har danjar kan titi. Sai ya ƙirƙiro dabararsa: ya kwantar da kujera baya, ya ɗaga haɓa, yana leƙen hanya ta ƙarƙashin fatar. Bai faɗa wa kowa ba. A ransa ya riga ya yanke cewa makanta ce ke tafe, kuma direban da aka ji yana makancewa tasa ta ƙare.

Dabarar ce ta tona masa asiri. Abin da fasinja ke hangowa a madubi shi ne tsoho ya jingina, kai a sama, ido a lumshe, mota tana tafiya. Ran nan wata mata ta kurma ihu, "Jama'a, direba barci yake!" Kafin su isa tasha, labari ya riga su.

Manaja, wanda a haife Sannu-Sannu ya haife shi, ya karɓi makulli yana sunkuyar da kai. "Baba, ba korar ka na yi ba. Ka je likitan ido ya duba ka. In ya ce kana gani, ga motarka."

Ya koma gida ya zauna a ƙofar ɗaki, abinci ya daina wuce masa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, don ban da sitiyari bai iya riƙe komai ba a duniya. Sai da autarsa ta tsaya masa a kai da kuka kafin ya yarda ta kai shi asibiti.

Likitar ta sa shi karanta allon haruffa, ya ɗaga haɓa yadda ya saba. Ta ce ya daidaita kansa. Rabin allon ya ɓace. Sai ta sa babban yatsa ta ɗage masa fatar. "Yanzu fa, Baba?"

Ya ga allon gaba ɗaya. Ya ga fanka tana juyawa a sama, ashe tun shigowarsa tana nan.

"Idonka lafiyarsa ƙalau," in ji ta. "Fata ce ta yi yawa ta rufe shi. Zan tura ka wurin likitan da ke gyaran fuska, ya rage ta."

Nan fa aka samu matsala. Ɗakin jiran likitan cike yake da mata sai ƙamshi suke, bango duk hotunan fuskoki kafin aiki da bayan aiki. Sannu-Sannu ya ja hula har gira, yana addu'ar kada wani fasinjansa ya shigo. Likitan kuwa mutum ne mai son bayani. Ya ce aikin iri-iri ne: akwai wanda ake yanka ta gaban kunne a ja kumatu da wuya, akwai wanda ake bi ta cikin gashi a ɗage goshi, akwai na zare da ake zurawa ƙarƙashin fata.

"Likita, ni jikoki gare ni," ya katse shi. "Ba samartaka na zo nema ba."

"Naka ƙarami ne, Baba. Saman ido kawai. Ko barci ba za mu sa ka ba."

Duk da haka ya dawo gida yana cewa shi ba za a yi da shi ba, me zai faɗa wa 'yan tasha? Matarsa tana wanke kwanuka, ko juyowa ba ta yi ba. "Ka faɗa musu abin da za ka faɗa in sun gan ka zaune a gida. Kuma tun da za a ja, malam, a haɗa da kumatun mana, ni ma in huta."

Daga ƙarshe dai ya yarda, aka yi aikin wata rana da safe. Likita ya zana masa layi da alƙalami kamar tela zai yanka yadi, ya yi allurar kashe zafi, ya rage fatar, ya ɗinke. Idanu suka kumbura suka yi baƙi, jikarsa ta gan shi ta ruga a guje. A hankali kumburi ya saɓe, aka cire zare, likitar ido ta sake gwada shi, ya karanta allon har layin ƙasa da kansa a daidai.

Ranar da ya koma tasha, ya shirya wa tsiya. Ta kuwa zo. "Kai, ango! Baba, ina ka baro sauran fuskar?" Ya bar su suka yi ta yi, don abin da ya kawo shi yana hannun manaja.

Manaja ya dube shi ido cikin ido, abin da ya daɗe bai samu yi ba, ya miƙa masa makulli.

Sannu-Sannu ya hau mota, ya jawo kujera gaba ta miƙe. Ya dafa sitiyari, sai hawaye suka zo ba shiri. Likita ya hana shi murza ido tukuna, don haka ya bar su suna bin kumatu, fasinjoji suna ta shigowa suna gaishe shi, shi kuma yana amsawa ɗaya bayan ɗaya.