Kwanon da Na Buga wa Inna

A shekarun da na fara koyarwa, in ka hau ganuwa wajen Ƙofar Kuyambana ba sai ka tambayi kowa samunsa ba, rufin gidaje ya ishe ka. Can wajen Tudun Wada kwano ne ke walƙiya a kan gidajen haya na bulo, kowane ɗaki da yarensa. Cikin Birni, ta Ƙofar Galadima, gidajen ma'aikata sun fara sauya rufi ɗaya bayan ɗaya. Tamu unguwar kuwa ja wur take: soron ƙasa, azara, indararo, ga dawa a bayan gida. Yau kewarta nake yi, amma a lokacin kunya take ba ni.

Inna, mahaifiyata, ko a jikinta. Abin alfaharinta ɗaya ne: ba a taɓa yin sallama a zaurenmu an rasa mai amsawa ba. Cikin masu sallamar akwai wani dattijo daga ƙauye, shi ke yi mana yaɓen soro kowace bazara, in damina ta yi nisa kuma ya kawo mata ɗanyar masara.

Da na fara jin ɗumin albashi, sai na sa aka sauke soron ɗakinta aka buga kwano. Ko silin ban tsaya yi ba, ni dai a hango mu daga ganuwa.

Wata la'asar ruwa ya tsuge. Dattijon ya iso zaure, ya yi sallama sau uku. Kwano na ta kiɗa a kan Inna, ba ta ji ba. Mutumin kirki kuwa ba ya yin ta huɗu. Ya ajiye masarar a dakali, ya juya cikin ruwan. Ya riga ya ga kwano ya karɓe masa aiki, sai ya ɗauka shi ma an gama da shi. Inna ta aika har ƙauye da ban haƙuri, ya ce ba komai. Bai sake zuwa ba.

Tun daga ranar, da hadari ya haɗo sai ta ja kujerarta zuwa bakin zaure ta zauna, feshin ruwa na dukan ƙafafunta.

Na ce, "Inna, ga ɗaki mai kyau na yi miki."

Ta ce, "Yana da kyau, ɗan nan, Allah ya yi albarka. Kurma ne kawai."