Muryar Zalissa a Ƙofar Shago

Duk Zangon Wagadugu an san muryar Zalissa, har waɗanda ba su taɓa ganin fuskarta ba. Shekara biyu ta yi tana karatun kwamfuta a jami'a, sai mahaifiyarta ta kwanta ciwo, ta dawo ta riƙe shagon atamfa. Da yake ba ta iya kiran ciniki ba, sai ta sayi wata 'yar kwamfuta kamar sabulun wanka, ta jona mata lasifika a saman ƙofa. Ta rubuta mata ɗan umarni mai aiki shi kaɗai: kunna tallar da ta naɗa da muryarta, in ta ƙare a sake kunnawa. Tun safe har yamma, "Atamfa ta iso, ku zo ku zaɓa!"

Wata Talata ta kulle shago ta tafi suna unguwar Cissin, ta manta ba ta kashe ba. Ana cikin rabon tuwo sai ga wayar Karim, telan da ke maƙwabtaka da ita.

"Yaya Zalissa, tsohon nan maƙwabcinmu, Baba Baƙo, ya rasu. A ƙofar butik ɗinki za a sallace shi, ga muryarki nan tana ta kiran mutane su zo su zaɓa. Vit, yi sauri don Allah!"

Zalissa ta miƙe zumbur. Makulli na jakarta, ƙofar ta ƙarfe ce, batirin solar da kwamfutar ke aiki da shi kuwa ba ruwansa da ɗauke wuta.

Ta buɗe wata manhaja a wayarta wadda ke kai saƙo ga 'yar kwamfutar, ta kashe sautin.

"Ya tsaya," in ji Karim. "A'a, ya dawo!"

Sau uku ana haka. Yo ita ce fa ta koya wa abin taurin kai! Sautin kawai take kashewa, umarnin da ke sake kunna shi yana can yana aikinsa. Sai ta nemo lambarsa cikin jerin ayyukan da ke gudana, ta tura a tsayar da shi.

"Karim, kada ka kashe wayar."

Ta ji takun mutane ana gyara sahu. Ta ƙirga goma, ta ƙirga ashirin. Sai kabbarar liman ta shigo kunnenta tas, babu komai a kanta.

Zalissa ta sauke ajiyar zuciya, ta zauna a bakin rijiyar gidan sunan. Sai a lokacin ta samu sararin yi wa tsohon kuka.