Geron Da Na Auna Wa Malam Iro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labari ya iske ni da safiyar nan, ko kofin koko ban kai baki ba. Alhaji Mamman ne ya bugo waya, ɗan ajinmu, mu biyu kaɗai muka rage. Ya yi gaisuwa sama-sama. Na ce, "Mamman, faɗi." Ya ce, "Sada, Malam Iro ya cika bayan asuba, a gidanshi na Kankiya."

An kai shi makwancinsa da hantsi. Yanzu na dawo gida Kusada, na kasa zama, na kasa kwanciya. Ku yi haƙuri da ni, da yatsa ɗaya nake danna wayar nan.

Da yawanku Farfesa kuka san shi. Ni tun yana Malam Iro na san shi, saurayi siriri mai farin wando da alli a bayan kunne, lokacin Turawa ba su tafi ba. Shekara takwas kacal ya ba ni, amma har jiya ban taɓa zama kan kujera a gabansa ba sai ya matsa mini.

A babbar kwaleji ta Zariya muka haɗu, wadda daga baya ta zama jami'a. Shi ke koya mana kalkulas, wato lissafin yadda abu ke canzawa, da saurin canzawarsa. A sashen duka shi kaɗai ne baƙar fata mai riƙe alli, sauran Turawa ne. Da na ji cewa mutumin Fakuwa ne, nan kusa da mu, sai na ce kakata ta yanke saƙa, ɗan gida zai yi mini sassauci.

Ashe na yi gudun gara na faɗa gidan zago.

Mun sa masa suna Malam Mi-ya-sa. Ko ka kawo amsa daidai, ba zai ce madalla ba. Sai ya karkata kai ya ce, "Mi ya sa?" Nan take gumi zai karyo maka.

Ni kuwa ɗan makarantar allo ne, kaina kamar tarko. Abin da na gani sau biyu ya zauna. Da hadda na wuce elementare, da ita na wuce midil, da ita na zo Zariya. Sai na kama kalkulas na haddace shi shafi-shafi, har da inda tawada ta ɗiga. Idan Malam ya gama bayani ya ce, "Kun gane?" ni ne na farkon cewa, "Na gane, Malam."

Ba ƙarya nake nufin yi ba. Haka aka rene mu. Babba ya ɓata lokacinsa ya yi maka bayani, kai kuma ka dube shi ka ce ba ka gane ba? Ai kamar ka ce masa bai iya ba ne. A gidanmu ko ido ba ka haɗawa da shi, balle tambaya.

Ranar jarrabawa Malam ya ɗauko tambayoyin da na haddace, ya juya su kaɗan, kamar yadda ake juya riga. Na zauna ina kallonsu suna kallona.

Na faɗi warwas.

Dokar lokacin ba ta da wasa. Wanda ya faɗi kalkulas, akwatinsa zai ɗauka. Ni da rabin Kusada suka rako ni bakin hanya ranar da zan tafi, da wane ido zan koma? Daga baya na ji cewa Malam ne ya je ofishin Baturen sashenmu har sau uku, kafin aka yarda in sake zama bayan dogon hutu. Shi bai taɓa gaya mini ba. Mamman ne ya faɗa mini, bayan mun yi furfura.

Ranar da za mu tafi hutu ya kira ni. Na ɗauka littattafai zai jibga mini. Sai ya miƙo mini rula ta katako da ɗan littafin rubutu, ya ce, "Babanka ya shuka gero bana?"

Na ce, "Ya shuka, Malam."

Ya ce, "Ka zaɓi kara guda. Ka kafa gora kusa da shi. Kullum da safe ka auna tsawonshi ka rubuta. Kada ka tsallake ko rana guda. Aikinka ke nan."

Na ce, "Na gane, Malam."

Ya dube ni ya yi wani murmushi da ban so ba.

Na isa gida gero bai kai gwiwa ba. Na zaɓi kara ɗaya a gefen gonar Baba, kusa da wata tsamiya, na ɗaura masa jan ƙyalle. Kowace safiya in durƙusa da rula, in yi wa gora tsaga da wuƙa. Masu wucewa gona suka fara tsayawa kallo. Baba, Allah ya jiƙansa, ya jingina da fartanya ya ce, "Yanzu wanga shi ne ilimin da muka kai ka nema? To in ka gama auna shi ka tambaye shi ko shina son fartanya, don ciyawa ba ta san boko ba."

Sati uku ban yi fashi ba.

Sai aka aike ni Kaikai in taya kawuna maimai, noma na biyu. Aikin kwana uku ne. Na yi kwana goma sha biyu. Dalili kuwa, a gidan da ke maƙwabtaka da kawu akwai wata yarinya, Indo, mai kawo mana fura gona. Kullum sai in gano wata kunya da ba a nome da kyau ba.

Masu dariya ku yi. Ita ce Hajiya, uwar 'ya'yana, Allah ya haskaka kabarinta.

Da na dawo na ruga wurin tsamiya. Geron da na bari a ƙirjina ya wuce kaina. A littafi kuma ga layi goma sha biyu babu komai. Na zauna na yi dabara irin ta mai hadda: na auna abin da ya ƙaru, na raba shi gida goma sha biyu daidai wa daida, na cike gurbin da kyakkyawan rubutu. Har alƙalami na riƙa canzawa don kada a gane.

Muka koma Zariya saura kwana tara jarrabawa. Na kai masa littafin ofis, na durƙusa. Ya bi lambobin da yatsa a hankali, yana gyaɗa kai. Da ya zo wurin sai yatsan ya tsaya.

Ya ce, "Sada, wanga geron naka, a gona ya tsiro ko a littafi?"

Ya juyo mini littafin.

Ya ce, "Ni ma gida na yi hutu. A kwanakin ga ruwa ya ɗauke mana kwana shida a Fakuwa, gero ya tsaya cik, ganye ya naɗe. Ran na bakwai aka kwana ana ruwa, ya zabura. Halan ku a Kusada samanku daban ne?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Na mance cewa kafin ya zama malamin lissafi, ɗan manomi ne. Na mance cewa gajimaren da ya wuce Fakuwa shi ne ke zuwa mana.

Na ce, "Ban auna ba, Malam. Ina Kaikai."

Na jira tsawa. Bai yi ba. Ya jawo kujera da ƙafa ya ce in zauna. Ya ce, "Ka raba mashi girma daidai kamar rabon goro a wurin suna. Gero bai girma haka. Abin da kalkulas ke tambaya shi ne, a safiyar nan guda, da wane sauri yake tashi? Ka gane?"

Bakina ya buɗe zai faɗi abin da ya saba. Sai na ga idonsa. Ban san daga inda ƙarfin halin ya zo ba, na sunkuyar da kai na ce, "Ban gane ba, Malam."

Ya buga tebur da tafin hannu, yana dariya har da hawaye. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Shekara guda nake jiran maganar ga. Yanzu mu fara karatu."

Ya ɗauko takarda mai gida-gida, muka ɗiga lambobin gaskiya, na sati ukun farko da na ƙarshen hutu. Layi ya fito a kwance, ya miƙe, ya sake kwantawa inda gero ya fid da kai. Ya ce in duba girman sati guda. Sannan na kwana biyu. Sannan na kwana guda. Ya ce, "Da za ka auna daga hantsi zuwa azahar fa? Daga ƙiftawar ido zuwa ƙiftawar ido fa?" Yana matse tazarar da yatsunsa biyu har suka kusa haɗuwa.

Wallahi a wurin nan na ji abin ya buɗe. Duk shafukan da na haddace shekara guda suka tashi suka zama gonar Baba.

Kwana tara ina zuwa ofishinsa bayan la'asar. A kwana taran nan na ce ban gane ba ya fi sau ɗari, kuma bai taɓa ɓata fuska ba. Yana da kwanon fura da ake dama masa, sai ya tura mini ya ce, "Sha, manomin Kusada, kai da yunwa bai ɗaukar lissafi."

Na ci jarrabawar. Ba da wani babban maki ba, amma na ci. Duk gadar da na zana a rayuwata, duk hanyar da na auna, daga wannan ofishin suka fito.

Na je mayar masa da rularsa ya ce in riƙe. Tana nan cikin akwatina, lambobin sun goge.

Ranar da Hajiya ta rasu ya zo da sandarsa, ya zauna kusa da ni a kan tabarma. Da mutane suka ragu ya raɗa mini, "Ita ce kwana goma sha biyun?" Na ce ita ce. Ya ce, "To ba ka yi asara ba." Ran nan shi kaɗai ya sa ni murmushi.

Ganina na ƙarshe da shi farkon daminar nan ne. Na same shi a zaure, idanu sun yi rauni, sai da na yi magana ya gane ni. Muka taɓa hira, ya tsokane ni yadda ya saba, wai mu mutanen Kusada ko an yanke mana ƙaramar hukuma har gobe ƙannen Kankiya ne. Can sai ya ce, "Gonar nan mai tsamiya tana nan?"

Na ce tana nan, har an shuka gero.

Ya ce, "Shekara da shekaru a takarda kaɗai na san ta. Ka zo ka kai ni in taɓa karan da hannuna."

Na ce, "In sha Allahu, Malam. Bari damina ta zauna, gero ya tashi, ka same shi da kyau."

Ya ce, "To. Amma ka san ba kullum ake girma daidai ba."

Na yi dariya, na ce na gane.

Tsakanin ƙofarsa da gonar nan ba wata tafiya ba ce, ko a babur an isa kafin shayi ya huce. Sati ya bi sati. Yau ƙafa, gobe ɗaurin aure, jibi hanya ta yi laka. Na raba wa Malam sauran kwanakinsa daidai wa daida a cikin kaina, kamar yadda na yi wa geron, na ɗauka gobe irin yau ce.

Da muka taso daga maƙabarta na ce a biya da ni ta gonar. Gero ya fid da kai, ya yi kyau irin wanda na so ya gani. Na tsaya ƙarƙashin tsamiya na kama kara ɗaya.

Tun ina ɗan shekara bakwai na haddace cewa kowane rai zai ɗanɗani mutuwa. Na sha faɗa wa mutane a wurin ta'aziyya. Ashe hadda ce kawai.

Malam, ban gane ba. Sai yau, kuma babu kai balle ka jawo mini kujera.

Ina kewarka ƙwarai.

Ya Allah, ga bawanka Iro ya zo gare ka. Yadda ya yi haƙuri da jahilcinmu, ka yi masa rahamar da ta fi haka. Yadda ya rufa mini asiri ina yaro, ka rufa masa asiri ranar tsayuwa. Ka yalwata kabarinsa, ka sauƙaƙa masa tambaya, ka sa ilimin da ya shuka ya riƙa kai masa lada har ƙarshen duniya. Ka ba iyalansa haƙuri, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ina roƙonka ka ɗaga hannu ka sa Malam Iro a addu'a. In kuma kana da wani tsoho da ka ce wa sai damina ta zauna, ka tashi ka je yau.